Ra'ayinmu: Daga Tabarmar Taro Zuwa Rumfar Zaɓe

Duk ranar zaɓe, a birni da ƙauye, harabar makarantunmu ce ke karɓar da yawa daga cikin rumfunan jefa ƙuri'a. Teburin da malami ke duba aikin yara a kansa shi ake fitowa da shi a ɗora akwati, inuwar darbejiyar da ɗalibai ke yin layin safe kuma ita ke zama matsayar masu zaɓe. Don haka ba sai an ba malami labari ba, da idonsa yake ganin layin nan yana gajarcewa zaɓe bayan zaɓe. Alƙaluman hukumar zaɓe sun tabbatar da abin da ido ya gani. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kimanin kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne aka ce sun fita. A 2011 adadin ya sauka zuwa wajen kashi 54, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35. A 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da ke cikin rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 ba. Ko da an yarda cewa tsofaffin alƙaluman an yi musu ciko, kuma na'urar tantance masu zaɓe ta rage cikon, abin da ya saura ya isa ya hana mai tunani barci: cikin kowane mutum huɗu masu rajista, kusan uku sun yi zamansu a gida.

Dalilan da ake bayarwa sanannu ne, kuma ba ƙarya ba ne. An yi alkawari an saɓa, an yi maguɗi, an tsorata mutane da 'yan daba, talauci kuma ya sa wanda bai ci na safe ba ba ya da ƙarfin tsayuwa a rana har la'asar. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, mai yiwuwa don ya fi sauran kusa da ƙofar gidanmu. Mutumin da bai saba zama a taron unguwarsu ba, bai taɓa ɗaga hannu a taron iyaye da malamai ba, bai taɓa tambayar ma'ajin wata ƙungiya inda kuɗi suka shiga ba, da wuya rana ɗaya cikin shekara huɗu ya wayi gari yana jin cewa al'amarin ƙasa nasa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, ƙungiyoyin sa kai, daga ƙungiyar ci gaban gari har zuwa adashin matan unguwa, su ne makarantar da ɗan ƙasa ke koyon shiga sha'anin mulki. Amma ba kowace ƙungiya ce ke koyar da wannan darasi ba, kuma ya kamata mu duba ko tamu tana koyarwa.

Ba daga littattafan wasu ƙasashe muka fara samo wannan ra'ayi ba. Tarihin siyasar Arewa ne ya koya mana, kuma malaman makaranta ne a tsakiyar labarin.

A 1943, a garin Bauchi, aka kafa wata majalisar taɗi da amincewar Turawan mulki. Ba jam'iyya ba ce, zama ne na ma'aikatan En'e da malamai da 'yan boko, inda ake zaɓen wani batu a yi muhawara a kansa. Cikin masu zama akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wani matashin malamin makarantar Midil mai suna Aminu Kano, wanda ya riƙe aikin magatakarda. Su Razdan da Di'o sun ɗauka wuri ne na rage zafi, inda samari masu ilimi za su faɗi abin da ke cikinsu su koma bakin aiki. Abin da ya faru dabam ne. Mutanen da aka yi wa tarbiyya a kan cewa ba a ja da na gaba suka koyi tsara hujja, da jiran lokacin magana, da yi wa mai mulki tambaya ido da ido. Da tambayoyin suka kai ga yadda ake tafiyar da mulkin En'e da yadda ake yanka wa sarakuna albashi, sai hukuma ta ga abin ya wuce taɗi, ta naɗe tabarmar. Amma abin da aka koya ba ya naɗuwa. Suka kafa wata ƙungiyar ta ci gaban Bauchi, wadda ba ta jiran izinin Di'o kafin ta zaɓi abin da za ta tattauna.

A Sakkwato ma wani malamin makaranta, Shehu Shagari, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samari irin wannan a shekarun 1940. A 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda buƙatunta na farko su ne irin waɗanda har gobe muke kai: albashi, ƙarin girma, da mutuncin mai koyarwa. A wannan shekara kuma tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Dokta Dikko a matsayin shugaba. Ita ma a farkonta ƙungiyar al'adu da zumunci ce, wadda ta ce yaƙinta da jahilci ne da lalaci da zalunci. Sai a watan Oktoba na 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC, bayan masu zafin ra'ayi sun kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Idan muka tattara, daga waɗannan ƙananan zaurukan taro aka sami Firayim Minista a 1957, da shugaban ƙasa a 1979, da madugun adawa wanda har yau talaka ke ambaton sunansa da girmamawa. Sun saɓa a ra'ayi, saɓani mai tsanani kuwa, amma makarantarsu ɗaya.

Me suka koya a can wanda ba a koyar da shi a Kwalejin Katsina ko ta Kaduna ba? Ƙananan abubuwa ne da ake rainawa. Yadda ake rubuta tsarin mulkin ƙungiya a kuma bi shi. Yadda ake rubuta abin da aka tattauna a taro, a karanta a zama na gaba, wanda aka yi wa ƙarin gishiri a maganarsa ya tashi ya gyara. Yadda ake tara kwabo da sisi a ba da lissafi. Yadda ake rubuta takardar koke da harshen da hukuma ba za ta iya yin kunnen uwar shegu da ita ba. Mafi wuya kuma, yadda mutum zai sha kaye a ƙuri'ar taro, ransa ya ɓaci, amma mako mai zuwa ya dawo ya zauna kusa da wanda ya kayar da shi. Wannan na ƙarshe shi ne kusan dukkan dimokuraɗiyya, kuma ba a koyon sa a allo.

Masu nazarin siyasa a wasu ƙasashe sun bi diddigin wannan al'amari da ƙididdiga, suka iske abin da dattawanmu suka sani a aikace. Wani babban bincike da Sidney Verba da abokan aikinsa biyu suka wallafa a Amurka a 1995 ya taƙaita dalilan da ke hana mutum shiga harkar siyasa zuwa uku: ko bai iya ba, ko bai damu ba, ko babu wanda ya neme shi. Ƙungiya tana maganin ukun a lokaci guda. Tana koya wa mutum magana a bainar jama'a da shirya taro, tana sa ya ji labarin abin da ya shafi wasu har ya damu, kuma a cikinta ne wani zai dafa kafaɗarsa ya ce, “Malam, gobe za mu je wajen kansila, ka zo mu tafi.” Abin sha'awa a binciken shi ne, ga marasa dukiya da marasa zurfin boko, wuraren ibada da mabiya ke riƙe da ayyukansu da kansu su ne inda suka fi samun wannan horo. Robert Putnam kuma ya shafe kusan shekara ashirin yana nazarin gwamnatocin yankuna da aka kafa a Italiya a 1970. Dokar da ta kafa su iri ɗaya ce, amma aikinsu ya bambanta ƙwarai, kuma ya ga cewa yankunan da gwamnati ta fi yin abin kirki su ne waɗanda mutanensu suka fi yawan ƙungiyoyi, har da na mawaƙa da na 'yan ƙwallo waɗanda babu ruwansu da siyasa. Wato ba sai ƙungiya ta yi maganar zaɓe take shirya masu zaɓe ba.

Iyayenmu mata da matanmu da ke karanta wannan shafi, akwai misalin da ya fi dacewa da ku. Shugaban farko na ƙungiyar malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1931, shi ne Rabaran Ransome-Kuti. Matarsa Funmilayo, ita ma malama, tana da wata ƙungiyar mata a Abeokuta da ta fara da ɗinki da zumunci tsakanin matan 'yan boko. Daga baya suka buɗe ajin yaƙi da jahilci ga matan kasuwa. A wajen koyon baƙi da wasali ne matan kasuwar suka riƙa ba da labarin harajin da ake ƙaƙaba musu da kayansu da ake ƙwacewa. A 1946 ƙungiyar ta zama ta dukkan matan Abeokuta, kuma zanga-zangarsu ta sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a farkon 1949. Hajiya Gambo Sawaba ta yi tattaki daga Arewa har can don ta gana da ita. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Wadda ta san cewa kakarta ta rayu a zamanin da doka ta hana ta wannan dama ba za ta sayar da ita a kan sabulu da ƙullin taliya ba. Uwar adashin da ke riƙe da kuɗin mata talatin, ta san ranar kwasar kowa, ta sasanta rigima idan wata ta makara da zubi, ta riga ta mallaki rabin abin da ake buƙata a kujerar kansila. Abin da ya rage shi ne wani ya gaya mata haka.

To, amma kada mu ruɗi kanmu. Da yawan ƙungiyoyi kaɗai ne ke kawo masu zaɓe, da layin 2023 ya fi na 2003 tsawo, domin ba a taɓa samun yawan alluna da sunayen ƙungiyoyi a titunanmu kamar yanzu ba.

Akwai ƙungiyar da ke da ofis da mota da kwamfuta, amma ba ta da mambobi. Tana da ma'aikata da masu ba da tallafi da waɗanda ake kira masu cin gajiya. Ba mu raina aikin irin waɗannan ba. Wasunsu sun gina azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun kai magani inda gwamnati ba ta kai ba, kuma mun gode. Sai dai lissafinsu sama yake tafiya, zuwa ga wanda ya ba da kuɗi, ba ƙasa zuwa ga jama'a ba. Mutumin ƙauye da aka kira bita a otal, aka ba shi abinci da kuɗin mota ya sa hannu a takarda, bai zaɓi kowa ba, bai tuhumi kowa ba, bai sha kaye a muhawara ba. Abin da ya koya shi ne taro wuri ne da ake zuwa a karɓi ambulan. Ranar da aka kira shi taron gyaran makarantar 'ya'yansa, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai alawus. Mu kanmu malamai mun san wannan cuta, don ta kama wasunmu. Wata masaniya a Amurka, Theda Skocpol, ta yi irin wannan kuka game da ƙasarsu a 2003: manyan ƙungiyoyin da mambobi ke tafiyarwa sun ja baya, ƙwararru masu albashi sun maye gurbinsu, talaka ya rasa wurin koyon jagoranci.

Akwai kuma ƙungiyar haya, wadda ake kafawa don a ara wa mai mulki murya. Ba mu manta da ABN ta Arthur Nzeribe ba, wadda ta je kotu ta samo umarnin hana zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ana saura kwana biyu. Ba mu manta da gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu a Abuja cikin Maris 1998 ba, inda aka tara matasa suna roƙon Janar Abacha ya zarce. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga yadda gwamnatin Seyni Kountché, bayan juyin mulkin 1974, ta ɗauki samariya, tsohuwar al'adar samarin ƙasar Hausa ta aikin gayya, ta mai da ita wani reshe na hukuma. A yau ba sai an je nesa ba. Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato za ka ga ƙungiyoyi suna tsirowa kamar ciyawar farkon damina, kowace da sunan wani ɗan takara a goshinta, washegarin rantsuwa kuma ka neme su ka rasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku ya fi waɗannan haɗari don ba a saurin gane shi. Ƙungiya tana iya zama ta gaskiya, mai mambobi masu himma, amma ta kulle ƙofarta, ta koya wa 'ya'yanta amincewa da junansu da ƙin kowa. Jamus kafin 1933 cike take da ƙungiyoyin mawaƙa da na 'yan wasa da na tsofaffin sojoji, sai dai kowane ɓangare da nasa, ba a cuɗanya. 'Yan Nazi suka bi ta cikin waɗannan ƙungiyoyi suka kai ga jama'a, malaman makaranta ma ba su tsira ba. A ƙasa irin tamu, inda rigimar ƙabila da ta addini ta sha cin rayuka, wannan ba labarin nesa ba ne. A nan ƙungiyar malamai take da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba: a ɗakin malamai ɗaya za ka sami Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, mace da namiji, albashi ɗaya ya makara musu, rufi ɗaya ke yi musu yoyo.

Wannan ya dawo da mu gida. Kuɗin ƙungiyarmu daga albashi ake cire su kai tsaye, kafin su iso hannun malami. Tsarin yana da amfani, shi ya sa ƙungiya take tsaye da ƙafafunta. Amma yana da illa da ya kamata mu faɗa wa juna: mutum yana iya zama mamba shekara talatin bai taɓa taka ƙafarsa a taro ba. A tarurrukanmu na baya-bayan nan kujerun da aka jera sun fi mazaunansu yawa, in ban da ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin yajin aiki ko rabon wani abu. Laifin ba na mambobi kaɗai ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Taron da ake kira ƙarfe goma a fara bayan azahar, shugabanni su yi ta jawabi, a ce lokaci ya ƙure kafin a zo kan rahoton kuɗi, wanda ya yi tambaya a yi masa kallon ɗan tawaye, irin wannan taro shi ma yana koyar da darasi. Yana koya wa malami cewa magana ba ta da amfani, kuma da wannan darasin yake kwana a gida ranar zaɓe. Yaya za mu tuhumi ciyaman a kan kasafin ƙaramar hukuma, alhali ba mu saba tuhumar ma'ajinmu ba?

Kuma mun san haɗin kai yana biya idan an bi shi da haƙuri. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ba daga sama ta faɗo ba. Shekaru aka yi ana rubutu, ana zama da 'yan majalisa, ana tunatarwa. Ƙungiyoyin matasa ma sun nuna haka da suka bi majalisar tarayya da majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har aka gyara tsarin mulki a watan Mayu na 2018, aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Waɗannan duka shiga siyasa ne, ko da yake babu akwati a wurin.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba muna cewa reshen nan ya ɗaga hannun wani ɗan takara ba ne. Ranar da muka yi haka mun shiga sahun ƙungiyoyin haya, kuma mun raba kan ɗakin malamai. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiya, wanda kuma yake son tsayawa takara ya san sai ya ajiye aikin gwamnati aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Wannan zaɓin mutum ne shi kaɗai. Abin da ya shafe mu a tare shi ne abin da ke tsakanin zaɓe da zaɓe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimi a matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha samun biliyoyin naira kwance a Abuja saboda jihohi ba su ajiye ba. Iyaye nawa ne a garinmu suka san da wannan? Kwamitin kula da makaranta, wanda ya kamata ya ƙunshi mai unguwa da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, a makarantu da yawa suna ne kawai a cikin fayil ɗin hedimasta. Idan ya zauna da gaske, ya ga lissafi, ya rubuta wa sakataren ilimi takarda, ya bi sawunta, to, mutum goma sha wani abu sun shiga makarantar da su Malam Sa'adu suka yi a Bauchi.

Haka a cikin aji. Malamin da ke naɗa monita da yatsa, ya zaɓi wanda ya fi ƙarfi ko ɗan wanda ya sani, ya bar wata dama ta wuce. A bar yara su tsayar da 'yan takara, su ji ta bakinsu, su jefa ƙuri'a a kwalin alli, a ƙirga a gabansu, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. A farfaɗo da ƙungiyar muhawara ko da babu kofi babu kyauta. Maigida kuma, idan uwargida ta ce za ta taron iyaye ko na ƙungiyar matan unguwa, ya tuna cewa ba yawo za ta ba.

A namu ɓangaren, muna kira ga shugabannin reshe da su fara taro na gaba a kan lokacin da aka rubuta a takardar gayyata, su sa rahoton ma'aji a farkon ajanda ba a ƙarshe ba, a liƙa kwafinsa a ɗakin malamai na kowace makaranta mako guda kafin ranar, a kuma ware lokacin tambayoyi wanda jawabin manyan baƙi ba zai cinye ba. Wakilin kowace makaranta ya zo da malami ɗaya, mace ko namiji, wanda bai taɓa halarta ba, a ba shi dama ya yi magana kafin tsofaffin hannu. Duk wanda kuma ya canza wurin zama ko katinsa na zaɓe ya ɓata, ya sanar da wakilinsa tun yanzu, domin a tafi ofishin hukumar zaɓe a ƙungiyance idan an buɗe rajista.